Jan Tabo a Kuncin Dije

Kwanakin baya wasu ɗalibai mata masu koyon aikin jinya suka zo gaishe ni a gidana da ke Kankiya. Ana cikin hira sai ɗayarsu ta ciro waya ta nuna mini wani bidiyo: likita riƙe da wani abu kamar biro yana ɗiga haske a fuskar yaro, kafin ka ƙifta ido an nuno yaron fes, ba tabo ba alamarsa. Ta ce, "Hajiya, ashe wannan ne aikin leza da kika yi shekara da shekaru? Ai danna maɓalli ne kawai." Sauran suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, don ban ga laifinsu ba. Wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke duk inda aikin yake, ya bar musu wurin walƙiyar. To ku gyara zama, ku da ire-irenku, in gaya muku abin da aka yanke.

Tabon da muke magana a kai ba tawadar Allah ba ce irin wadda kowa ke da ita a wuya ko a bayan kunne. Shi ja ne, shimfiɗe a kan fata, kuma da shi ake haihuwar yaro. Ƙananan hanyoyin jini ne da ke ƙarƙashin fata suka buɗe fiye da ƙima, jini ya cika su, shi ne ake hangowa ta sama. A ƙauyukanmu cewa ake uwa ce ta yi kwaɗayin zoɓo tana da ciki ba ta samu ba. Ban taɓa tsayawa musu da tsohuwa a kan wannan ba, ɓata baki ne. Abin da nake so ta sani shi ne tabon ba ya tafiya da kansa. Yaro na girma yana girma, ya yi duhu, ya yi kauri, in a leɓe yake leɓen ya kumbura, daga baya ya fara fitar da ƙuraje masu zubar da jini. Akwai wani kuma mai tasowa jawur bayan haihuwa, wanda sau da yawa maganin sha ke kwantar da shi, akwai mai zurfi mai shuɗi-shuɗi da haske ba ya kai masa. Sai kin iya raba su da ido da yatsa kafin ki kai yaro gaban likita. In kuwa tabon ya hau goshi ko fatar ido, kada ki yi zancen leza sai likitan ido ya duba, sai kuma kin tambaya ko yaron yana jijjiga.

Aikina na farko a ɗakin leza goge fuska ne. A nan gida na fara aikin jinya, daga baya aka mayar da ni wani babban asibiti a birni, sashen fata, inda aka kawo na'urar. Likitan da ke kula da ita dattijo ne marar yawan magana, muna ce masa Baba Likita a bayan idonsa, a gabansa kuwa ranka ya daɗe. Na yi wata da watanni bai bari ko igiyar na'urar na taɓa ba. Auduga da ruwa kawai yake miƙo mini. Uwa takan shirya ɗanta zuwa asibiti kamar za shi gidan biki: ta rambaɗa masa kwalli, ta ɗiga masa baƙin ɗigo a goshi, ta mulke shi da man shanu ko man kanti mai turare. Duk sai na goge su tas. Shi wannan haske duhu yake bi. In ya tarar da kwalli a kan fata, a nan zai tsaya ya ƙona yaro bai kai ga jinin da aka aike shi ba. Awarwaro, 'yan kunne, zobe, duk abin da ke ƙyalli a waje ake barinsa, ko madubi ba ma ajiyewa a ɗakin. Ranar da Baba Likita ya ga na iya goge fuska sai ya ce in miƙo hannuna. Ya ɗiga mini sau ɗaya a damtse. Ji na yi kamar an ja roba an sakar mini, da ɗan raɗaɗin wuta a bayansa. Ya ce, "Yanzu ba za ki ce wa uwar kowa babu zafi ba." Kuma har na bar aiki ban taɓa faɗa ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma duk wanda kika raina a ciki zai kunyata ki. Ita na'urar ba ta wuce ƙaramin firji ba, da igiya mai kauri, da kai irin na biro, da abin takawa a ƙasa. Duk wanda ke ɗakin sai ya sa tabarau na musamman, shi kuma yaro a rufe masa idanu ruf. Akwai man kashe zafi da ake shafawa a jira ya kama. Akwai sanyin da na'urar ke fesawa kafin kowace walƙiya, da ƙanƙara naɗe a ƙyalle da nake riƙe da ita a hannun hagu. Littattafan da muka koya da su yawanci farar fata ce a hotunansu. Tamu fatar kuwa da kanta take shanye wani kaso na hasken tun bai sauka ƙasa ba. Shi ya sa ba ma fara wa yaro a tsakiyar fuska. Gefen tabo muke nema, wajen kunne ko ƙarƙashin haɓa, a yi ɗigo kaɗan da ƙarfi kaɗan, a sallame su sai bayan makonni a ga yadda fatar ta karɓa. Mai gaggawa shi ke barin yaro da bororo, in ya warke ya bar fari-fari kamar ƙunar ruwan zafi.

Sai riƙon yaro, wanda babu littafin da ke koyar da shi. Za ki naɗe shi da zane hannuwansa a ciki, ƙafafunsa tsakanin cinyoyinki, tafinki ɗaya a goshi ɗaya a haɓa. Kika matse da yawa ya yi ta kokawa, kika sassauta ya juya kai haske ya sauka inda ba a so. Bakinki kuma yana kunnensa kina yi masa surutu, ko da shirme ne. Na sha cizo, na sha fitsari a cinya, har wani yaro ɗan garin Sukuntuni ya taɓa tsine mini da bakinsa na ɗan shekara huɗu, zagin da ban san yara sun iya ba.

Abin da bidiyonku bai nuna ba shi ne fuskar yaro in an gama. Wurin cika yake da baƙaƙen ɗigo zagayayyu, kowanne kamar kan ɗan yatsa, jere kusa da juna, ga kumburi. Wanda bai sani ba cewa zai yi an ɓata yaron. Sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya washe, a ga tabon ya ɗan dusashe. Sannan a dawo a sake, a kuma sakewa. Ba a dirza wurin da soso, ba a sa ruwan zafi, ba a barin rana ta buge shi. Kuma ban taɓa yi wa kowa alkawarin tabo zai ɓace ɗungurungum ba. Ragewa nake cewa, in Allah ya yarda ragewa mai yawa.

Mun yi wata muguwar shekara da wani abu ya mutu a cikin na'urar, aka ce sai an kawo shi daga ƙasar waje. Tun kafin shuka muke jira har aka yi girbi. Mutane su taso daga nesa da yara a goye, ni ce mai tarbarsu a ƙofa in ce su yi haƙuri su koma. Akwai wani yaro daga wajen Rimaye da muka ci rabin aikinsa, tabon wuyansa ya fara haske gwanin sha'awa. Ubansa ya gaji da jira. Wani mai talla a kasuwa ya haɗa musu wani ƙulli da sodar sabulu a ciki, suka shafa masa. Da na'ura ta gyaru suka dawo, fatar ta tattare ta yi tauri kamar ƙirgi. Baba Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa uban, "Tabon jini muna iya rage shi. Na ƙuna da na aska haskenmu ba ya ratsa su." Ranar na ji haushin aikin nan ƙwarai, na kuma gane cewa rabinsa a ɗakinmu ake yi, rabi a gidajen mutane inda ba ma nan.

Aikin da ya fi zama mini a rai na wata yarinya ce, Dije, daga wata ruga a bayan Kaikai, ƙasar Kusada. A lokacin duk ƙarshen mako ina dawowa gida Kankiya, kuma akwai wata Bafulatana, Hajjo, mai kawo mini nono ranar Asabar. Wata rana sai ga ta tare da wata tsohuwa goye da yarinya 'yar kamar shekara biyu. Yarinyar fara ce, tabon ya fito ɓaro-ɓaro tun daga ƙasan idon hagu har leɓen sama, leɓen ma ya fara tasawa.

Na ce, "Hajjo, wagga ɗiyar wa ce?"

Sai ta kau da kai ta shiga gyara ludayin da ba abin da ya same shi. Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ɗiyar fari ce, malama. Ni za ki tambaya."

Kun san al'adar. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da ita ko da ranta na ƙuna. A rugarsu Hajjo abin ya fi namu na gari tsanani. Tun da aka yaye Dije tana hannun wannan tsohuwa, Inna Dudu, uwar mijin Hajjo. Kada ku ɗauka muguwa ce. Mace ce mai kaifin kai, mai son jikarta kamar me. Ina gama yi mata bayani ta ce yaushe za su zo. Ita da kanta ta kawo yarinyar birni, ta cire awarwaron da ta ce tun aurenta bai bar hannunta ba, tana cirewa tana mita. Likitan ido ya duba ya ce lafiya lau. Ɗigon gwaji ya yi kyau. Aka sa ranar aikin farko, aka yi, na zaunar da ita na ce, "Inna, wurin zai yi baƙi ɗigo-ɗigo. Haka ake so. Shi zai washe da kansa, kada a taɓa shi da komai sai man da na ba ki." Ta dubi kuncin yarinyar da kyau, ta gyaɗa kai ta ce, "Aiki ya yi kyau." Suka tafi.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ko karyawa ban yi ba na ji sallamar Hajjo. Ba lokacin zuwanta ba ne, ƙwaryar ma da ta sauke ko rabi babu. Ta zauna a bakin tabarma tana ta gaisuwa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta sake tambayar gida. Can ta ce, idonta a ƙasa, "Malama, gidanmu an kira wanzami. Yau da hantsi shina zuwa."

Na ce, "Wa ba shi da lafiya?"

Ta ce, "Wai a ida aikin da kuka fara."

"Aikin wa?"

Ta ce, "Wadda kuka yi wa."

Nan take na gane. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ya san yadda ake ƙaho. Da farko kafa ƙahon ake yi a tsotsa har wurin ya taso ya yi baƙin zagaye. Sannan a cire a tsaga da aska, a mayar da ƙaho ya zuƙo mataccen jini. Ba wanzamin da zai tara jini ya tashi ya bar shi. Inna Dudu ta dubi kuncin jikarta ta ga baƙaƙen zagaye jere, irin waɗanda ta saba gani a bayanta duk shekara. A ganinta asibiti ya yi rabin farko da injinsa, ya yi shi da kyau ma, sai dai asibiti ba shi da wanzami. Ba wauta ba ce, lissafi ne na wadda ta san ƙaho. Amma a ƙarƙashin waɗannan ɗigo hanyoyin jini ne a buɗe cunkus. Aska ta shiga nan, jinin da zai ɓalle ba na tsayarwa da toka ba ne, ga su nesa da asibiti. In ma Allah ya tsare ranta, fuskar ta tafi ke nan, irin ta yaron Rimaye.

Na ja mayafi muka tari mota zuwa Kusada, daga nan muka hau mashin. Damina ce, gero ya kai kafaɗa, hanya duk taɓo. Muna hango rugar Hajjo ta ce a sauke ta. Ta bi ta cikin gona don kada a ga tare muka zo.

Na same su a gindin tsamiya. Wanzamin dattijo ne, Baba Audu, ya buɗe zabira ya jera ƙananan ƙahoni da aska a kan ƙyalle. Dije na kan cinyar kakarta tana wasa da murfin kwano. Mata uku na tsaye, Buba mijin Hajjo kuma yana can gefe dogare da sandarsa. Inna Dudu na ganina ta washe baki.

"Ga ma mai aikin da kanta! Malama, kin ga yadda injinku ya tara shi? Ko ƙahon Audu bai tara haka. Saura a fidda."

Ban yi mata faɗa ba. Wanda ya yi wa tsohuwa faɗa a gidanta ya gama faɗuwa. Na gaisa da kowa, na durƙusa kusa da wanzamin na ce, "Baba, kai ke da aska, ban zo hana ka sana'arka ba. Amma ɗora yatsanka nan." Na nuna masa gefen leɓe inda haske bai taɓa ba tukuna. Ya danna, wurin ya yi fari. Ya ɗaga, ja ya dawo nan take. Ya sake dannawa, ya sake ɗagawa, yana matso da fuskarsa.

Ya ce, "Wanga jini shina tahiya."

Na ce, "Tafiya yake, Baba. Baƙaƙen nan hanyoyin da haske ya toshe ne, jiki zai kwashe su da kansa. Amma ƙarƙashinsu da gefensu duk irin wanda ka danna ne."

Sai ya ɗauki askarsa ya goge ta a ƙyalle, ya mayar cikin zabira, ya bi ƙahonin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Dudu, ban sa aska ga wanga wuri. Mataccen jini in an danne shi bai gudu ya dawo. In wanga ya ɓalle ba ni da abin tsai da shi."

Na ɗauka an gama. Ashe da saura. Fuskar Inna Dudu ta canza, don an ƙi maganarta a gaban mutane. Ta ce, "Tsufa ya kama ka, Audu. Mi ka sani? Na ga jinin da aka tara aka bari, ruɓewa ya yi ya zama gyambo. Ba a fuskar jikata ba. Buba, fiddo mashin, akwai wanzamin da hannunshi bai rawa."

Buba ya dubi uwarsa, ya dubi shanu. Ba zai iya musa mata ba, kuma kowa ya san haka. Na faɗi duk abin da na sani. Na ba ta labarin yaron Rimaye, na ce ta ba ni mako ɗaya kawai, in baƙin bai washe ba in zo da kaina ta yi mini duk abin da ta ga dama. Ta ce, "Ke kin yi naki, malama, mun gode. Sauran namu ne." A asibiti maganata doka ce, a gindin tsamiyar nan kuwa baƙuwa ce ni. Na san zan hau mashin in tafi, su kuma su yi abin da suka yi niyya. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ban da sauran dabara.

Sai ga Hajjo ta fito daga bayan bukka. Ta ratsa tsakiyar mutane, ta wuce ta gaban mijinta, ta durƙusa a gaban uwar mijinta. Ta sa hannu biyu ta ɗauke yarinyar daga cinyar tsohuwar, ta juya ta a baya, ta ja zane ta ɗaure. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba a tsaga fuskar Dije."

Matan nan suka kama baki. Buba ya juya baya. Baba Audu ma ƙasa ya duba, kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Tun da aka haifi yarinyar ba wanda ya taɓa jin sunan a bakin uwarta.

Inna Dudu ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Yau ni aka amshe wa ɗiya a bainar jama'a?"

Hajjo ta sunkuyar da kai. Hawaye na zuba, hannunta na kan ƙullin zanen, ba ta kuma sake shi ba. Tsohuwar ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta shige bukka. Ba wanda ya fiddo mashin.

Kafin mako biyu baƙin ya washe kamar yadda na faɗa. Daga nan Hajjo ce ke kawo ta birni. Ita ke zama a kujera, ita ke naɗe ta da zane, kuma na koya mata riƙon har ta fi wasu ma'aikatanmu. Mun yi zuwa da yawa. Tabon bai ɓace duka ba, amma ya koma ɗan ja-ja da sai kin matso za ki lura, leɓen kuma ya daina tasawa. Ita kuwa Hajjo ta sha wuya a rugar. Inna Dudu ba ta amsa gaisuwarta ba har aka shiga rani. A bakin rijiya mata na ganinta sai su fara kiran sunayen 'ya'yan farin juna da ƙarfi suna dariya, wasu su ce mata marar kunya a fuskarta.

Wata Asabar ta kawo mini nono, Dije na riƙe da gefen zanenta, lokacin ta yi wayo. Na ce, "Hajjo, har yanzu suna yi da ke?"

Ta jawo yarinyar gabanta, ta kama haɓarta ta juya kuncin wajen haske. Ta ce, "Sun faɗi, sun gaji. Duba ki gani, malama. Ko layin aska guda babu."